Baba Thaddeus da Mai Jan Wando

"Ba wannan waya ba, Monica. Ɗayan. Baƙin nan da mijinka yake sawa ta baya."

Monica tana durƙushe a bayan talabijin, waya biyu a hannunta, kuma duk biyun baƙaƙe ne. Ta cusa ɗaya a ramin da ta ga ya yi mata daidai. Allon ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa gero, akwatin ya kama shuuu.

"Baba, ni fa ban iya abin nan ba. Ka bari Godfrey ya dawo mana."

"Mijinka ya tafi taryar gwamnati," in ji tsohon. "Wa ya san yaushe gwamnati zai sake shi?"

Baba Thaddeus maƙwabcinsu ne a Karu, katanga ɗaya ta raba su. Mutumin Gbagyi ne, manomin doya, kuma a Hausarsa mace da namiji duk "ka" ne. Ya riga ya jawo kujerar katako har gaban akwatin, gwiwarsa na kusan taɓa tebur, don yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai a hankali.

Ranar Alhamis ce, cikin Disambar 1991, ranar da aka ce mazaunin gwamnati zai baro Legas ya tare a Abuja. Godfrey, mijin Monica, mai buga tafireta ne a wata ma'aikata. Wata huɗu ke nan da aka kwaso su daga Legas, har yau ba a ba shi tebur ba. Tun da sassafe bas ta zo ta kwashe shi da 'yan'uwansa ma'aikata, kowa da 'yar tuta a hannu. Hannah, 'yar Baba, ita ma ta ɗauki tukwanen shinkafarta ta yi Garki, ta ce yau za a yi ciniki. Unguwa ta yi tsit, sai awaki.

Cikin kayan da suka zo da su daga Legas, abin da ya fi yi wa Godfrey suna shi ne bidiyo da kaset uku na kokawar Turawa. Duk Lahadi in an taso daga coci falonsu yakan cika, amma masu kujerar dindindin uku ne: Godfrey, da Baba, da Saleh tela mai shago a bakin titi. Monica ba ta taɓa zama ta kalla ba. Daga kicin take jin su, gardamar kuwa ɗaya ce kullum.

"Wasan kwaikwayo ne," Godfrey zai ce. "Kafin su hau sun san wanda zai ci."

"Oga Godfrey, jinin fa?" in ji Saleh. "Shi ma kwaikwayo ne?"

"Tumatir ne."

"Tumatir! To zo in rafka maka kujera a ka, mu ga ko tumatir zai fito."

Baba kuwa nasa ra'ayin daban. Ya yi kokawa da ƙuruciya, lokacin cire doya, har daga Bwari ake zuwa gayyatarsa. A wurinsa Turawan nan ba su da kunya. A kai mutum ƙasa sau goma ya tashi ya ci gaba, alhali a kokawar gaske bayanka na taɓa ƙasa magana ta ƙare. Alƙalin wasan kuma in ba makaho ba ne to munafuki ne. Mutum ɗaya kaɗai ya yarda da shi, wani gajere kakkaura da ya raɗa wa suna Mai Jan Wando. "Wannan ɗan manomi ne," yakan ce. "Dubi yadda yake dasa ƙafa." Saleh kuma gwaninsa Mai Gemu ne, abokin gabar Mai Jan Wando, mugu mai ɓoye ƙarfe a takalmi. Ya ce shi dai yana son mutum mai dabara.

Mako biyu da suka wuce, ana cikin kallo Mai Gemu ya zaro ƙarfen nan, Baba ya miƙe yana zazzaga wa alƙali masifa, jiri ya kwashe shi. A ɗakin shan magani aka ce hawan jini ne. Washegari Hannah ta zo ta tsaya a ƙofa, ko shiga ba ta yi ba.

"Madam Monica, don girman Allah ku daina kunna masa abin nan. Shi kaɗai ya rage mini."

Monica ta yi mata alkawari.

To yau ga shi ya dogaro sandarsa da hantsi, ya ce labari ya iso masa: wani abokin aikin Godfrey ya taho da sabon kaset daga Legas, a ciki Mai Jan Wando zai rama. Ta ce masa Hannah ta hana. Ya ce, "Hannah ne ya haife ni?" Ta ce ya bari sai Lahadi in kowa yana nan. Ya ce Lahadi da nisa. Ta rasa yadda za ta kori tsoho sa'an ubanta daga ɗakinta, sai ta ce a ranta ai ba ta ma iya haɗa wayar ba, zai gaji ya tafi.

Sai ga shi tana sauya waya hoto ya fito tas. Sojoji na fareti, manya cikin manyan riguna a ƙarƙashin rumfa. Ta tsaya tana leƙen taron ko za ta hango Godfrey.

"Waɗannan ba su kokawa," in ji Baba. "Danna ɗayan."

Ta danna, sabon kaset ɗin da ke cikin bidiyon ya kama. Mutum huɗu ne a dandali, ba biyu ba. Ba mai jan wando ko ɗaya a cikinsu, ba kuma mai gemu.

"Ya fito?"

"Wa, Baba?"

"Yarona mana. Gaya mini, idona ba ya kai. Mijinka yana gaya mini komai."

Monica ta ƙura ido. Biyu da baƙin wando, ɗaya shuɗi, ɗaya ruwan ɗorawa. Baturen da ke bayani yana zubo Turanci ta hanci, ko kalma ba ta kama ba, ga shi ba ta san sunan kowa na gaskiya ba. Can ta lura ɗaya daga masu baƙin wandon yana da jan takalmi, kansa a aske ƙwal. Ta ce a ranta ƙila wandon ne ya yage aka sauya masa.

"Ga shi nan, Baba. Yau baƙi ya sa."

"Ko? To. Yana me?"

"Ya shaƙe wani ta wuya."

"Ba wuya ba! Ƙafa! Ya kama ƙafa!"

"Ya saki wuyan. Ya kama ƙafar."

Bai kama ba. Amma tsohon ya buga gwiwarsa ya yi dariya har dasashinsa ya bayyana, sai ta bar shi a haka. Ya nemi ruwa, ta kawo, ya sha rabi ya ajiye kofin a ƙasa. "Ci gaba," ya ce.

Ta ci gaba. Wani ya tafa hannun wani ya fita, wanda ke waje ya shigo, ba ta san dalili ba. Aka bangaje alƙali ya faɗi ya yi lamo. Ta ɗosana a hannun kujera, ta manta da waken da ta ɗora. Duk abin da mai jan takalmi ya yi ta faɗa, wanda bai yi ba ma ta ƙara masa. Baba yana cewa "Mhm." Ba ta ankara ba ta ji muryarta ta cika falon: "Kai! Ya wurgo shi waje! Baba, ka gani? Ya hau igiya, zai diro masa!" Aka yi ta yi. Can wasu mutum biyu da ba sa cikin wasan suka shigo da gudu, wuri ya hargitse, aka buga ƙararrawa.

"Baba, wai in an buga ƙararrawa alhali duka suna kwance, wa ya ci?"

Shiru.

Idonsa a buɗe yake, yana fuskantar akwatin. Hannuwansa biyu na kan sanda, haɓarsa ta ɗan sauka. Ƙuda ya sauka a leɓensa, bai kore shi ba.

"Baba? Baba Thaddeus?"

Ta taɓa hannunsa, da ɗumi. Ta girgiza kafaɗarsa, sandar ta zame ta faɗi. Ta yi ƙofa, ta dawo za ta kashe akwatin, ta danna wani wuri daban, badujalar sojoji ta ɓarke da ƙarfi. Ta bar shi haka ta fita da gudu, ba takalmi ba ɗankwali, har shagon Saleh. Ta tarar da shi a kan keken ɗinki, rediyo a gefensa.

Saleh ya zo ya zare wayar daga bango tukuna. Ya riƙe wuyan hannun tsohon, ya kara kunne a ƙirjinsa, ya daɗe. Sannan ya ɗago.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Mu kai shi asibiti, Malam Saleh. Jikinsa da ɗumi fa."

"Madam, da wace mota? Duk motocin garin nan suna can. Kuma ya riga ya tafi." Ya sa yatsu ya rufe masa ido. "Tun yaushe?"

"Ban sani ba. Ina ta yi masa magana. Yana amsawa, sai kuma... ban sani ba."

Ƙaurin wake ya shigo falon. Saleh ya dubi kaset, ya dubi Monica, ya yi ƙasa da murya. "Mu mayar da shi ɗakinsa mu kwantar. Ba sai kowa ya san inda abin ya faru ba." Ya hau kekensa ya ɗauko Bartholomew, katekis mai koyar da addini a cocin su Baba, su biyu suka tallabe shi suka zagaya da shi gidansa.

Sai la'asar Hannah ta samu motar dawowa. Monica tana cikin matan da suka tare ta, amma a baya ta tsaya. Hannah ta yi kuka har muryarta ta dishe. Da ta lafa, ta zauna a bakin gadon tana dube-dube a ƙasa kamar mai neman allura.

"Ina takalmin Baba?"

Monica ta fita, ta ɗauko silifas ɗin daga bakin ƙofar falonta, ta kawo ta durƙusa.

"A wurina ya rasu, Hannah. Ni na kunna masa."

Hannah ta dube ta, ta dubi takalmin. "Ban roƙe ki ba?"

"Kin roƙa."

"To?"

Hannah ta karɓi takalmin ta juya mata baya.

Godfrey ya dawo da magariba, tutarsa a karye, ya ce yini guda suna tsaye a rana, ban da ƙeyar mutane ba abin da ya gani. Washegari, a kan bencin zaman makoki, ya tambayi Monica a hankali yadda aka yi, Saleh na gefe. Ta faɗa musu duka, har da mai jan takalmi.

"Jan takalmi, kai a aske?" Godfrey ya riƙe baki. "Monica, ai Mai Gemu ne wannan. Askewa ya yi. Wanda ya ba ni kaset ɗin ya gaya mini. Wasan Mai Jan Wando yana can ƙarshe, ba ku ma kai ba."

"Ke nan gwanina ya yi ta tafa wa," in ji Saleh. Dariya ta taso masa, ya danne, sai kuma ya sa hula ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Monica ba ta gane ko dariyar ce ko kuka ba.

Abin ya tsaya mata a rai. Tana wanke-wanke sai ta tsaya da kwano a hannu, tana neman wurin da "Mhm" ɗin ƙarshe ya fito, kafin a wurgo mutumin ne ko bayan nan. Godfrey ya ce kwana ne ya ƙare, ko a gado yake zai tafi. Katekis ma haka ya ce. Ita dai ta san ta yi alkawari ta saɓa, ta kuma san tsohon ya yi dariya, kuma ƙarya ce ta sa shi dariyar. Ta rasa wanne za ta kai gaban Allah.

Ranar Asabar aka binne Baba a bayan coci. Hannah ba ta dubi Monica ba.

Ranar Talata da rana Monica tana tsince shinkafa a baranda, sai ga Hannah ta shigo, daro cike da doya a kafaɗarta, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Ta sauke, ta yi nishi.

"Cikin rumbu na tarar ya ware wannan. Tun kwanaki ya ce na gidan Oga Godfrey ne."

"Hannah, zauna mana."

Ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Idanunta sun faɗa, da gani ba ta barci. Manyan motoci na wucewa can kan titi, ɗauke da kabad-kabad na ofis.

"Ya yi ihu, kamar na ran nan?" in ji Hannah.

"A'a. Dariya ya yi. Ya sha ruwa."

"Ya sha wahala?"

"Ban sani ba, Hannah. Ban san lokacin ba."

Hannah ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallon yatsun ƙafarta.

"Gwanin nasa ya ci?"

Monica ta ajiye faifan. "Ban gane wasan ba."

"Ni ma ban taɓa ganewa ba," in ji Hannah.

Ba ta ce ta yafe ba, Monica kuma ba ta tambaya ba. Suka zauna. Jim kaɗan kan Hannah ya langaɓe gefe, numfashinta ya sauya, takalminta ɗaya ya zame daga ƙafa. Rana ta karkato tana dukan fuskarta. Monica ta tashi a hankali, ta ciro zane daga igiyar shanya, ta rataya shi a bakin baranda ya yi mata inuwa, sannan ta koma ta ɗauki faifanta.