Sunan da Inna Ba Ta Faɗi

Sa'adiyya Mainasara ta gama jami'a da digirin aikin gona, amma ranar da aiki yaz zo nemanta, lambar sirri ce tat tsaya mata a wuya. Wani kamfanin noman rani a Goronyo na ɗaukar ma'aikata, kuma sun ce kowa ya turo takardar sakamakonshi kafin a tashi aiki ranar Alhamis. Takardar kuwa tana cikin akawun ɗinta na tsofaffin ɗalibai a shafin intanet na jami'a. Ta gwada sunan garinsu, ta gwada ranar haihuwarta, shafi yac ce bai san zance ba. Layin wayar da ta yi rajista da shi kuma ya daɗe da bin ruwan fadama.

Tak kira ofishin tsofaffin ɗalibai. Wata ma'aikaciya mai suna Bara'atu tad ɗauka.

"Abu mai sauƙi," in ji ta. "Akwai lamba ta biyu da kika bayar. Za mu kira, mai ita ya faɗi cikakken sunanki, sai mu buɗe miki."

Sa'adiyya tad dafe kai. Lambar Inna Fatsuma ce, mahaifiyarta! Ita kuwa Sa'adiyya ɗiyar fari ce, kuma a garinsu Magarya uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ta hana. Tun da anka haife ta, "ke" take ji, in an yi baƙi kuma ta zama "yayar Bashir". Ga shi rabin sunan na mai gida ne, wanda shi ma Inna ba ta faɗi. Kai, wanga abu da wuya!

Ta iske Inna a tsakar gida tana tsintar albasa, tay yi mata bayani.

"Mi?" in ji Inna. "Su da sunka karantar da ke ba su san sunanki ba, sai ni?"

Kafin ta rufe baki wayarta ta yi ƙara, Bara'atu ce. Sa'adiyya tab buɗe murya don ta ji.

"Inna, ina wuni? Mi ne sunan ɗiyarki da ta yi karatu wurinmu?"

"Lafiya lau. Ai kun san ta, doguwa, mai wushirya."

"Sunan nake so, Inna."

"Yayar Bashir ce."

Bara'atu tay yi dariya har da tari. "Wallahi nima ɗiyar fari ce, na san abin. Amma ana naɗar maganar nan, in ban ji suna ba, ba ni da ikon buɗewa."

Inna ta dubi ɗiyarta. Sa'adiyya ta sadda kai ƙasa, ta riga ta haƙura da Goronyo, don ba ta iya tilasta wa uwarta. Sai tsohuwa ta karkaɗe ɓawon albasa daga zanenta, ta juya ma ɗiyar baya, ta fuskanci bangon rumbu.

"Sa'adiyya," tac ce a hankali. Can kuma ta ƙara da ƙarfi, "Sa'adiyya! Ni na haife ta. Amma na ubanta, ku je gona ku tambaye shi, ni ban yi hauka ba."

"Ya isa, Inna, ya isa!" in ji Bara'atu. "Na buɗe."

Saƙo ya shigo, Sa'adiyya ta tura takarda tun la'asar ba ta yi ba. Amma idonta ya cika, kuma ba aikin Goronyo ne ya cika shi ba. Ashe haka sunanta yake da daɗi.

"Inna, don Allah ƙara faɗi sau ɗaya."

Inna ta jawo kwandon albasa gabanta, tana ɓoye murmushi.

"Ke, tashi ki ba ni wuri. Wanda kika ji ɗin nan, ki riƙe shi da kyau."