Kunnen Delu

In ka ji wa wani ciwo don ka cece shi, shi kuwa har abada ba zai gane dalili ba, taimako ka yi ko zalunci? Na daɗe ina juya tambayar nan a shagona na gyaran rediyo a Gumel, ban samo amsa ba. Kyanwar mahaifiyata ce ta jawo mini ita.

Delu sunanta. A kwando Inna ta taho da ita daga Gagarawa, wai ita ta hana ɓera rumbunta shekara da shekaru. Da ta fara ramewa tana shan ruwa kamar raƙumi, likitan dabbobi, Dakta Abdulfatah, ya ce ciwon sukari ne. Allurar insulin safe da yamma, kuma sai ta ci abinci. Kwalbar maganin na ƙulle a leda muka jingina da randa don sanyi, tunda wutar lantarkinmu sai ta ga dama. Ya ce a riƙa tsikarar kunnenta ana gwada ɗigon jini, kada wanda ya ƙara ko ya rage maganin sai shi ya ji sakamako.

Allura dai Inna ta yarda. Kunne ta ce atafau.

"Ba a zubar da jinin kyanwa a gabana. Ka manta matar da ta shiga wuta saboda kyanwa?"

"Inna, waccan kulle ta ta yi da yunwa."

"Oho dai. Kai da karatunka na waya."

Na kawo hujja, na kawo misali, har zanen kunne na yi mata a ƙasa. Ta share da tsintsiya.

Sai azumi ya kama. Ashe Inna ta mayar da abincin Delu lokacin sahur, wai kunya take ji a ga kwanon kifi a tsakar gida rana ta fito, jama'a na azumi. Ba ta gaya wa kowa ba. Delu kuwa ba ta san wani sahur ba, barcinta take. Kaji suka sauko suka cinye. Ni na fito na ga kwano fes, na yi mata allura na tafi shago.

Da hantsi aka aiko in zo maza. Na tarar da Delu tana tangaɗi, tana karo da turmi, ƙafafun baya na rawa.

"Me ta ci yau, Inna?"

"Na ajiye mata tun sahur."

"Sahur! Kyanwar ma azumi kika ɗora mata?"

"Kada ka ɗaga mini murya, Gudaji, da bakin azumi."

Na kira Dakta. Yana kasuwar dabbobi ta Maigatari, kukan shanu ya cika wayar. Ya ce sukarinta ne ya faɗi: a shafa mata zuma a dasashi, kada a ɗura, in ta farfaɗo a ba ta abinci.

Inna ta lakato zumar ta shafa. Saura kaɗan ta lashe yatsa, ta tuna, ta goge a zani.

"Yanzu a gwada jinin," in ji Dakta. "In ban ji lamba ba, ban san ko ta tsira ba, balle in faɗi abin da za a rage. Kada a sake yi mata allura sai na ce."

Na ɗauko na'urar gwajin jinin da 'yar allurar tsikara. Ni da nake kama wayar da ta fi gashi siranta a cikin rediyo, sai ga shi na kasa gano jijiyar kunnen kyanwa. Na tsikara, babu jini. Na sake, Delu ta yi wani ɗan kuka.

"Kai wannan kashe ta za ka yi," in ji Inna. "Matsa."

Ta zauna a tabarma ta ɗora Delu a cinya. Ta murza kunnen tsakanin yatsunta har ya yi ɗumi, ta ɗaga shi saitin rana, ta hango siririyar jijiyar.

"Ki yafe ni, 'yar nan," ta ce. Ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba. "Ba ni allurar tsikarar. Bismillahi."