Norppa a Kicin

Tuovi tana shanya zannuwan gado a bayan gida saƙon ya shigo wayarta. Daga Gillian ne, 'yar Ingilan da ta kama ɗakin hutunsu na kan tsibiri, ita da mijinta. Turancin Tuovi bai wuce na gaisuwa ba, sai ta danna fassara. Wayar ta ce mata da yarensu: akwai hylje a kicin, ya tsage, ruwa na zuba daga jikinsa, ku zo da sauri.

Hylje kuwa a tafkin Saimaa, inda suke zaune, iri ɗaya ne, norppa, dabbar ruwan nan mai kama da ayu, wadda hukuma ke lallaɓawa kamar ƙwai saboda 'yan kaɗan suka rage.

"Aulis! Ajiye gudumar nan ka zo ka karanta mini."

Mijinta ya fito daga ɗakin sauna, inda suke wankan tururi, yana goge hannu a wando. Ya yi shekara uku yana aikin jirgin ruwa da ƙuruciya, tun daga nan kuma ya naɗa kansa malamin Turanci na unguwa. Ya nisanta wayar da fuskarsa, ya ƙanƙance ido yana duba ainihin Turancin saƙon.

"Seal. Ai hylje ne. Wannan ko a barci aka tashe ni zan faɗa."

"To ta yaya norppa zai hau matakala bakwai ya shiga kicin?"

"Ni fassara kika tambaye ni, ba yadda ya hau ba."

Tuovi ta kira maƙwabciyarsu Mervi, wadda duk shekara take cikin masu sa kai wajen ƙidayar norppa. Kafin minti goma ta iso da tamfol da bokiti biyu da safar hannu mai kauri, har ta sanar da mutanensu su zauna cikin shiri. Suka faɗa kwalekwale. Injin ya ƙi tashi sai a ja na shida, Aulis na ja Tuovi na ƙirga masa da ƙarfi.

Gillian ta tarye su a bakin ruwa, wandonta a naɗe zuwa gwiwa. Ta dubi tamfol, ta dubi safar Mervi, ta wuce gaba. Kicin ɗin ya zama kududdufi. Mervi ta durƙusa tana leƙa ƙarƙashin tebur tana kiran dabbar a hankali, kamar mai rarrashin jariri. Gillian kuwa ta buɗe ƙofar injin wanki, ta jawo robar da ke zagaye da bakinsa, a yage kamar bakin tsohon takalmi.

"Seal," in ji ta.

Aulis ya yi gyaran murya.

"Eh to. Seal kuma yana nufin tiiviste. Roba ke nan. A jirgi ma haka muke ce masa."

"A jirgi ma haka kuke ce masa," Tuovi ta maimaita. "Ka sani ke nan, ka bari muka kwaso tamfol?"

"Ba ki tambaye ni ko yana da wata ma'ana ba."

"Sannu, farfesa. To gyara."

Ya jawo injin daga bango, ya zaro sukudireba zai kwance murfin baya. Gillian ta daka tsalle ta riƙe masa hannu, tana nuna wata 'yar jar takarda da aka manna a kan noti.

"Seal! Seal!"

Mervi ta ɗago da sauri har ta bugi tebur da kai.

"Wannan kuma sinetti ne," in ji Aulis, muryarsa ƙasa ƙasa. "Hatimin kamfani. Tana nufin in an yage shi ba za su karɓi injin su gyara kyauta ba."

Tuovi ta zauna a kan bokitin Mervi. "Tsaya in gane. Dabba mai gashin baki seal, roba seal, takarda ma seal. Mutanen nan sun mallaki rabin duniya amma sun kasa samo kalma uku? Mu da muke mutum miliyan biyar da ɗoriya mun ba kowanne sunansa!"

"Mu ma fa kalmar kuusi tana nufin shida, tana kuma nufin wani itace," in ji Mervi tana shafa kai.

"Ke kuma wa ya sa da ke?"

Gillian ta ga ana ta faɗa ba ta san dalili ba, har sai da Mervi ta nuna mata hoton norppa a waya, ta nuna tamfol. Matar ta yi dariya har ta jingina da bango, ta ƙwala wa mijinta kira ya zo ya ji. Tuovi ba ta ko murmusa ba. Ta ɗauki tsumma ta hau tsane ruwa.

Mai gyara ya ce sai bayan kwana tara, don kowa ya tafi hutun tsakiyar bazara. Washegari Mervi ta zo ta ɗauki Gillian da mijinta a kwalekwalenta zuwa duwatsun arewa, wai ko za su dace da norppa na gaske. Aulis ya bi su a matsayin tafinta, ba wanda ya gayyace shi. A hanya suka tsaya a gaɓar gidan Tuovi, suka miƙo mata jaka biyu na kayan wankin baƙi, Gillian na ta godiya da Turanci. Tuovi ta karɓa, ta ja jakunkunan zuwa ciki tana magana ita kaɗai.