Takalmin Dogo a Ƙafar Baba

Gyambo ne ƙarami a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar Baba, amma shi ya tayar da gidan gaba ɗaya. Likitan garinsu ya ce ciwon suga ne ya hana shi warkewa, a kai tsohon inda ake da babban asibiti. A daidai lokacin kuma kamfanin dakon kaya da Dogo, mijin Auta, yake tuƙa wa mota ya rufe. Babu abin da ya rage da zai riƙe su, sai suka ɗaure kaya suka koma babban birni, suka kama ɗaki biyu a saman bene, bayan wani garejin gyaran motoci.

Motar da suka ɗauko ƙarama ce. Sun bar teburi, sun bar kujeru biyu, amma Baba ya kafe sai an ɗora wani gadon jariri na katako. Shi kafinta ne, da hannunsa ya yi shi lokacin da Auta, ƙaramar 'yarsa, ta samu cikin fari. Cikin ya zube. Da ta samu na biyu ya sake goge gadon ya yi masa fenti, wannan ma ya zube. A karo na biyun Baba ya daina cin abinci, sugarsa ta rikice har aka kwantar da shi. Yanzu gadon yana kusurwar ɗakinsa, cike da auduga da bandeji da kwalaben magani.

Shi ya sa da Auta ta gane tana da ciki a sabon garin, ita da Dogo suka yi shawara kada Baba ya sani sai abin ya yi ƙwari. Sun kira wannan tausayi. Ba su tsaya sun yi tunanin cewa mutumin da aka ɓoye wa gaskiya yakan ƙirƙiro tasa ba, kuma tasa takan fi muni.

Nas ɗin asibiti ta koya wa Auta aikin. Kowace safiya a kwance bandejin, a wanke da ruwan gishiri, a tsane, a duba launin wurin sosai, sannan a naɗe.

"Ƙafar ba ta jin zafi, don haka ba za ta gaya muku komai ba," in ji nas ɗin. "Idonki ne kawai. Kika ga ya yi duhu, ko warin ya sauya, ku zo a ranar."

Da farko abin yana tafiya daidai. Baba yakan ɗora ƙafar a kan ƙaramar kujera, Auta ta durƙusa da roba.

"A hankali, Auta. Ba tukunya kike kankara ba."

"Kai da ka ce ba ka jin komai?"

"Ba na ji, amma ina gani. Da yaran shagona ne suka yi wa katako haka, da na kore su."

Dogo kuwa tun da sassafe yake goge takalminsa sau-ciki, shi ke nan masa na kirki, ya fita zagayen kamfanoni da tashoshin mota. Ƙafarsa ƙatuwa ce, Baba yana kiran takalman kwale-kwale.

"Direba, ka tura kwale-kwalen naka a hankali, kada ka kife da mutane a hanya."

Sai laulayi ya sauko wa Auta. Warin sabulu yana tayar mata da zuciya, warin baƙin mai daga gareji ma haka. Wata safiya tana kwance bandejin sai ta ji abin ya taso mata. Ta toshe baki ta fita da gudu. Bangon banɗakin siriri ne, Baba ya ji komai. Ta dawo ta wanke fuska, idanunta sun yi ja.

"Wani abu ne na ci, Baba."

Baba ya bar ta ta ƙarasa wankin. Washegari haka, jibi haka. Ya lura tana ɗauke numfashi kafin ta sunkuya. Ya lura ta fara jan bakin ɗankwalinta tana rufe hanci. Mutum ne da bai taɓa roƙon kowa ruwan sha ba, yanzu ga shi zaune yana kallon 'yarsa tana kawar da kai daga jikinsa.

"Daga yau ni zan riƙa yi da kaina," ya ce mata.

"Baba, idonka fa?"

"Idona ya ga abin da ya ishe shi. Ajiye robar ki je ki huta."

Ta yi musu, amma ba da ƙarfi ba. A gaskiya sai da ta ji sanyi a ranta. Da yamma ta ce wa Dogo ko shi zai karɓi aikin. Dogo ya ce Baba ba zai yarda surukinsa ya taɓa masa ƙafa ba, kuma shi da wuri yake fita. Wataƙila gaskiya ne, amma bai je ya tambaya ba.

Suga ta riga ta dushe wa Baba ido, bayansa kuma ba ya lanƙwasuwa har ya ga tafin ƙafarsa. Yakan rufe ƙofa, ya zuba ruwan a inda yake zaton wurin yake, ya naɗe, ya ja safa a kai. Tagarsa kullum a buɗe. In Auta ta kawo abinci sai ya ce ta ajiye a bakin ƙofa.

"Baba, yaya ƙafar?"

"Tana gaishe ki."

Ita kuma sai ta yi dariya ta koma ta kwanta. Haka aka yi ta tafiya. A gidan kowa yana ganin yana rangwanta wa wani, ƙafar kuma ba mai dubanta.

Sai aka kira Dogo gwajin tuƙi a wani kamfanin burodi. Shi ne kira na farko tun zuwansu. Da safe ya yi wanka, ya sa rigar da Auta ta goge masa, ya nemi takalmi a bayan ƙofa bai gani ba. Ya duba ƙarƙashin gado, ya duba matattakala. Daga ƙarshe ya ƙwanƙwasa ɗakin Baba ya tura.

Baba yana zaune a bakin gado, ya sa riga da hula, sandarsa a hannu, gumi yana keto masa. Takalman suna ƙafarsa.

"Baba, kwale-kwalen nawa ne nake gani?"

"Aro na yi. Nawa ya ƙi shiga. Na ce bari in lallaɓa asibitin da kaina tun ba ku tashi ba, sai ƙafar ta ƙi ɗaukata. Na zo cirewa kuma ya ƙi fita. Zo ka ja abinka, kada ka makara."

Dogo ya durƙusa. Na hagu ya fita. Na dama ko motsi, ƙafar ta kumbura ta cika shi har fatar ta tofo ta saman igiya. Kuma yanzu da ya matso, ya ji warin. Wannan ba irin wanda ya saba ji daga nesa ba ne.

Auta ta leƙo don ta ga abin da ya tsayar da mijinta. Taku biyu ta yi cikin ɗakin, ta juya da gudu. Suka ji ta ta bango.

"Ka ji ko?" in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kullum haka take. Ba na ganin laifinta. Ni ma da zan iya gudu in bar ƙafar nan, da tuni na gudu. Amma ba zan zauna 'yar da na haifa tana ƙyamata tana daurewa ba."

Auta ta riga ta dawo, tana tsaye a bakin ƙofa ta dafa bango. Ta ji duka. Ba ta iya kallon mahaifinta ba, sai ta juya masa baya.

"Baba, wallahi ba ƙyamarka nake yi ba. Laulayi ne. Ko sabulu na shaƙa haka nake yi."

Baba ya ɗago kai.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon zuwanmu."

"Kuka ɓoye mini."

"Mun ji tsoro ne kada ka sake..." Ba ta ƙarasa ba. Dukansu sun san gadon da ke kusurwa take nufi.

Baba ya goge fuskarsa da hula.

"Na ɓoye miki ƙafa, kin ɓoye mini jika. Duk gidan nan babu mai hankali ko ɗaya. Direba, buɗe akwatin kayan aikina, akwai wuƙa mai ƙotar ja. Ka bi ɗinkin gefe, kada ka yanka ta tsakiya, zai gyaru."

Dogo ya dubi agogon wayarsa, ya dubi takalmin. Ya ajiye wayar a kife. Ya ɗauko wuƙar ya bi ɗinkin a hankali har fatar takalmin ta buɗe. Safar ta manne, sai da ya jiƙa ta da ruwan gishiri kafin ta saki. Babban yatsan ya yi baƙi ƙirin, na kusa da shi ma ya fara.

"Yaya?" in ji Baba. "Ni ba na gani. Ka faɗa mini gaskiya."

"Ya lalace, Baba."

"To."

Dogo ya goya shi a baya ya sauko da shi daga benen, da silifa a ƙafarsa da gogaggiyar rigarsa. Auta ta riga su sauka ta tsayar da tasi.

A asibiti likitan bai ɓoye fushinsa ba. Ya ce yatsu biyu za su tafi yau, kuma da an ƙara jinkiri da daga gwiwa za a yi magana. Ya tambayi wanda yake wanke ciwon a gida. Auta ta sunkuyar da kai, Dogo ya kalli bango.

"Ni ne," in ji Baba.

"Wa ya bar ka?"

Aka shiga da shi ɗakin tiyata.

Washegari Dogo ya je kamfanin burodin da silifa ya yi bayani. Mai gadi ya saurare shi har ƙarshe, ya yi masa jaje, ya ce an riga an ɗauki wani.

Da aka sallamo Baba, tsarin gidan ya sauya. Dogo ne yake durƙusawa da robar kafin ya fita. Baba bai yi musu ba, ashe da an tambaye shi tun farko ma da ya yarda. Auta takan ja kujera ta zauna a waje, ƙofa a buɗe, inda warin ba ya isa gare ta.

"Wane launi?" takan tambaya.

"Ja ne, mai kyau," in ji Dogo.

"Ka duba gefen ɗinkin."

"Ya duba, sarkin bincike," in ji Baba. "Ke kuma fa? Kin ci wani abu ya zauna?"

"Rabi ya zauna."

"Gobe ki gaya mini ko da bai zauna ba."

Wata safiya Dogo ya gama naɗe bandejin, ya je mayar da ragowar audugar cikin gadon jaririn, sai ya tsaya.

"Baba, in kwashe magungunan nan in samo musu kwali?"

Baba ya juya wajen ƙofa, inda Auta take, yana jira.

"A bar shi tukuna," in ji Auta.

"An bar shi," in ji Baba. "Ba zan taɓa shi ba sai kin ce. Amma ki saurara, Auta. In Allah ya raya mana, in ji daga bakinki. In kuma wani abu ya sake faruwa, shi ma in ji daga bakinki, a ranar. Yatsun da suka rage mini ba su da yawa."

"Na ji, Baba."

Dogo ya wanke hannu, ya ɗauko takalmin daga bayan ƙofa. Mai gyara ya ɗinke gefen da baƙin zare, ɗinkin ya fito fili. Baba ya sa hannu ya shafa shi, ya ce aikin banza ne amma zai riƙe. Dogo ya ɗaure igiya ya sauka neman aiki.