Hannun Hagun Anselmo

Nata'ala direba ne a wani ofishin Najeriya kusa da Charing Cross, a shekarun da kuɗin fetur ya sa manya ke hawa jirgi zuwa Landan don kawai su sayi labule. Kafin tuƙi kuwa ɗan dambe ne, jinin mahautan Kano, wanda ya sha zubar da ƙarti a bayan kasuwa. Duk Asabar yakan je wani gidan horon 'yan boksin a Lewisham ya jibgi buhu. Samarin Turawa sai su yi ta ƙyaƙyata masa dariya, don da dama kaɗai yake duka, hagun kuwa a miƙe take, tafi a buɗe, sai ka ce mai tsayar da tasi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Sunansa Anselmo Barajas, ɗan Meziko, mai riƙe da kambun ajin marasa nauyi, ya zo Landan kare shi. Shekara goma sha huɗu yana dambe, kuma hagunsa ce ta kai shi inda yake. Rannan ya ja Nata'ala gefe, ya kwance bandeji ya nuna masa. Sau biyu hannun ya karye, ƙashin ya yi tudu. Da guntun Turancinsa da nuni ya ce idan ya sake karyewa a tsakiyar wasa, kambu ya tafi, shi ma tasa ta ƙare.

"Koya mini naka," in ji Anselmo.

Da Nata'ala ya koma gida ya ba matarsa Luba labari, ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, *champion* ɗin duniya za ka yi wa *training*? Kai da ko hawa bene sai ka huta?"

"Ke dai yi mini addu'a," ya ce. In aka nakasa bawan Allahn nan, da shawararsa aka nakasa shi.

Mako uku suka yi. Ya koya masa tsayuwar 'yan dambe: hagu garkuwa ce, da ita kake auna tazara, kana tare idon abokin karawa, dama kuwa tana can baya tana jira. Anselmo bai taɓa nuna raini ba. In ya yi kuskure, sai ya sunkuyar da kai ya sake.

Ranar wasa, a turmi na shida, Nata'ala ya ga abin da 'yan kallo ba su gani ba. Anselmo ya kai hagu ta sauka a goshin Baturen da yake karawa da shi, sai fuskar Anselmo ta yamutse. Hannu ya tafi. Baturen ya lura, ya taso masa haiƙan.

Nata'ala ya manta inda yake, ya miƙe ya kwarara ihu da Hausa: "Miƙa ta! Miƙa ta, ɗan'uwa!"

Anselmo ya ja da baya, ya karkace, ya miƙa karyayyen hannun. Turmi uku ya yi haka, ana yi masa ihu wai tsoro ne ya kama shi. A na goma Baturen ya gaji da wannan hannu da ke tsone masa ido, ya kai hannu zai doke shi gefe. Hannun daman Anselmo ya fito daga baya, sau ɗaya, Baturen ya zube. Alƙalin wasa ya ƙirga har goma.

A ɗakin sauya kaya sai da aka sa almakashi kafin safar damben ta fita. Hannun ya kumbura suntum. Likita ya duba ya girgiza kai, ya ce wannan ba zai ƙara dambe ba.

Anselmo ya yi murmushi. "Ba komai," ya ce. "Da ƙafata zan sauka, ba a sauke ni ba."

Ya ɗaga kumburarren hannun da ƙyar, ya ɗora a kafaɗar Nata'ala. Duk kalmomin Turancin da Nata'ala ya sani suka gudu, hawaye suka zubo masa, ya yi ta maimaita alhamdulillahi.