Na Juya wa Malam Kurihara Baya

Shekarata sittin da ɗaya, sana'ata sayar da awara a garin Kofu, sai ga ni riƙe da bindiga mai baki biyu a filin harbi na bayan gari. Na ci jarrabawar 'yan sanda, likita ya ce kaina lafiya lau, an tambayi maƙwabta ko ni mafaɗaciya ce, suka rufa mini asiri. Saura abu ɗaya: in fasa faifan yumɓu biyu cikin ashirin da biyar, kuma kada bakin bindiga ya kalli mutum ko sau ɗaya. In na faɗi, babu takardar izinin riƙe bindiga, filin nan sai dai in riƙa leƙensa ta bayan shinge.

Mijina Genzo yana bayan shingen, yana ta surutu. "Fumie, yi a hankali, kar ki ji wa iska ciwo!"

Gaskiyarsa. Na'ura tana cilla faifai, ni ina ɗirka wa sararin Allah wuta. Can wani faifai ya yi rashin sa'a ya haɗu da harsashina. Na ƙyalƙyale da dariya har kafaɗata ta manta da zafi. Daga nan kuma shiru, faya-fayan suka yi ta wucewa lafiya, har saura uku.

Na yi kira a cillo na gaba. Faifai ya tashi. Tau! Ya tarwatse ya zama gari.

Malam Kurihara, mai jarraba mu, mutumin da tun safe ko murmushi bai yi ba, ya ce daga bayana, "Madalla, Baba."

To fa! Mu nan, in babba ya yaba maka, juyawa kake ka fuskance shi ka rusuna. Haka uwata ta tarbiyyantar da ni, ko a waya nake magana sai na rusuna. Ƙafata har ta fara juyawa, bindiga a rufe, da sauran harsashi ɗaya a ciki. In na juya, bakin bindiga Malam zai kalla. Na dafe ƙafar nan a ƙasa, amma bayana ya ƙi jin magana. Na sunkuya har ƙasa-ƙasa na gaida dutsen da ke gabana, na bar Malam yana kallon mazaunaina.

Genzo ya kama shinge yana dariya. "Wayyo cikina! Malam, ka yi haƙuri, wallahi a gida ba haka take ba!"

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na harbi sauran biyun ban samu ko ɗaya ba, na buɗe bindiga, na zazzage ta, sannan na juyo. "Ranka ya daɗe, ka gafarce ni."

Ya ce, "Baba, masu ladabi da yawa na kora daga filin nan, bayan sun gaishe ni da bakin bindiga. Yau na ga gaisuwar da nake so. Kin ci."

Na rusuna masa sau uku, wannan karon ta gaba.