Yatsan da Gwamnati Ta Sani

Duk uban da ma'aikacin ofis ya yi wa murmushi ya ce masa "ƙaramar magana ce", to ya gyara ɗamara, daga nan wahalarsa za ta soma. Ni ma haka Tiwari-ji ya ce mini, bakinsa ja wur da ganyen pan da yake tauna kamar goro, kuma na yi masa godiya har da dafa ƙirji.

Sunana Shakil, majemi ne ni a Jajmau, nan gefen Kanpur. Tun ina saurayi hannuwana ke cikin ramin farar ƙasa, inda ake jiƙa fatar ɓauna har gashinta ya saki. Bana aka rufe majemarmu, wai ruwanmu na ɓata kogi. Mai majemar ya tara mu ya ce na ɗan lokaci ne, sannan ya tafi Dubai ganin jikokinsa. Har yau yana ganinsu.

Ban tayar da hankali sosai ba da farko. Duk shekarun nan ana yankar wani abu daga albashina, ana ce mana ajiya ce ta ranar rashin aiki. To ga ranar ta zo. Na kai takarduna ofishin tallafin marasa aikin yi, aka ce ana dubawa. Wata ya mutu, wani ya kama, ana dai dubawa. Ni kuwa na koma bakin titi ina sauke buhunan siminti a ɓoye, don kada tukunya ta kwana a kife.

Ana cikin haka 'yata Gulnaz ta ci jarrabawar makarantar koyon aikin jinya a Lucknow. A zuriyarmu ba a taɓa samun wanda ya sa farar riga wurin aiki ba. Amma makarantar ta ce duk wanda bai biya kuɗin shiga ba kafin Asabar ta ƙarshen watan gobe, gurbinsa na mai bi masa ne. Kuɗin tallafin da suka taru mini za su biya, har a sayi akwati. Ranar da saƙo ya shigo wayata cewa an amince, saura in je in dangwala yatsa kawai, sai da na sayo alewar jalebi na raba wa maƙwabta.

Na je, na bi layi, na iso gaban Tiwari-ji. Ya turo mini wata 'yar na'ura mai gilashi, girmanta bai wuce kwalin ashana ba. Na ɗora babban yatsa. Ta yi jan ido.

"Goga shi a goshi," in ji Tiwari-ji. "Maiƙo take so."

Na goga, ta sake yin ja. Na hura masa iska, na goga a gashi, na goga a bayan kunne. Muka bi sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya. A allon kwamfuta ba abin da ke fitowa sai wani abu sumul kamar ƙwai.

"Shakil Bhai, na'ura ta ce ba kowa a gabana."

"Sahib, ga ni kuwa."

"Ni ina ganinka. Amma ba ni ke biya ba." Ya kama hannuna ya jujjuya kamar mai taya akuya. "Me kake yi da hannun nan? Ba dai aiki ba?"

Na tuna buhunan siminti. Na ce, "Wane aiki, Sahib? Tsohon cin farar ƙasa ne."

"To ƙaramar magana ce. Ka je ka hutar da shi. Ban da ɗaukar kaya, ban da wanki, ban da taɓa duk wani abu mai kaushi. Zane zai tsiro da kansa. Ka ga hikimar gwamnati ke nan: wanda ba shi da aiki da gaske, ai yatsansa zai nuna."

Da na koma gida na faɗa wa matata Ruksana, sai ta ajiye tsintsiya ta dube ni.

"Wato Baban Gulnaz, yanzu an rubuta maka zaman kashe wando a matsayin magani?"

"Umarnin gwamnati ne."

"Gwamnatin ta ce me za mu ci kafin ya tsiro?"

Gwamnati ba ta ce ba. Ruksana ce ta je ta karɓo ɗinkin saman takalma daga wani ɗan kwangila, tana yi daga safe har idonta ya ƙi ganin kafar allura. Kuma ita ce ta ɗinka wa yatsan 'yar riga da ƙyallen tsohon mayafinta, mai igiya da ake ɗaurewa a wuyan hannu. Wata maƙwabciya ta ce man shanu na saurin fito da zane. Sai aka sayo ɗan man shanu a ƙaramin gwangwani. Kullum safe da yamma Ruksana na shafa wa yatsa, mu kuwa muna cin busasshiyar gurasar roti da miyar wake tsararo.

"Ci, ango," take ce masa. "Ci ka ƙoshi. Ni tun da aka kawo ni gidan nan ba a taɓa yi mini wannan hidima ba."

Ba ni kaɗai ba ne. Rabin majeman lungunmu na'urar ta ce ba su nan. In ka zo wurin mai shayi da hantsi, sai ka tarar da mu jere a benci, ƙarti majiya ƙarfi, kowa ya ɗaga babban yatsa sama a naɗe, yana riƙe da kofi da hagu. Masu wucewa a keke har ɗaga mana nasu suke yi, suna zaton yaba musu muke.

Kallan, wanda muka yi shekaru muna jan fata daga rami guda, shi ne mai baki a cikinmu. Kullum sai ya kwance nasa ya duba a rana, kamar manomin da ya yi shuka.

"Naka ya fito, Shakil?"

"Kamar-kamar."

"Nawa ko alama. Ina jin sai na yi masa ban-ruwa. Kai dai ka dace, matarka na ba shi man shanu. Tawa cewa ta yi in yatsan na son mai ya je ya nemo aiki."

Muka yi dariya, amma ni tawa ba ta wuce maƙogwaro ba. Duk lokacin da na shiga gida na ga Ruksana a duƙe kan takalman mutane, ni kuwa hannu a sama kamar ɗan sarki, sai kunya ta rufe ni. Gulnaz ce ke ɗebo ruwa daga famfo, ita ke ɗauko buhun gari. In na miƙa hannu zan taya ta, sai ta ce, "Abbu, yatsa!" in janye kamar wanda ya taɓa wuta.

Allah da ikonsa, zane ya tsiro. Ranar da na kwance rigar na duba, na ga layuka sun fito rangaɗa-rangaɗa, suna zagaya juna kamar kunyoyin gona bayan ruwa. Rabona da ganinsu tun ina yaro. Na sa riga mai tsabta, na kama hanyar ofis, yatsa a cikin aljihu don kada ido ya kama shi. Saura mako biyu wa'adin makaranta ya cika.

Na ɗora shi a gilashi. Zane ya fito a allo, kyakkyawa, har Tiwari-ji ya ce, "Kai, wannan ai na ɗan boko ne." Na'urar ta yi shiru tana tunani. Sai ta yi ja.

Tiwari-ji ya daina tauna. "Yaushe aka yi maka katin ɗan ƙasa?"

"An daɗe, Sahib. Lokacin da suka zo makarantar unguwa. Daga majema aka kwaso mu a mota, hannu ko bushewa bai yi ba."

"To ka ji inda gizo ke saƙa. Yatsan da gwamnati ta ajiye rabi ne mai zane, rabi sumul. Ranar farko ka kawo mata marar zane ko kaɗan. Yau ka kawo cikakke. Na'ura ta ce wannan na wani ne."

"Sahib, a jikina yake. Ga shi nan a manne."

"Ban musa ba. Amma ka kiyaye, in ka sake kawo mata yatsan wani, za ta rufe maganarka gaba ɗaya, ta rubuta ka a masu sojan gona."

Na ce to a canza wanda aka ajiye ɗin mana. Ya ce akwai ofishin da ke yin haka, sai dai layinsu ya kai bayan damina, kuma kafin su cire tsohon yatsa sai ka tabbatar musu kai ne da tsohon yatsan.

"Yanzu yaya zan yi?"

"Ƙaramar magana ce. Ka mayar da shi yadda yake ranar da aka ɗauka. Amma ban da aiki, ka ji ko? In ka yi aiki ka fita daga marasa aikin yi."

Da Ruksana ta ji, ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko gwangwanin man shanu, ta leƙa cikinsa, ta kife shi a gabana. Ba ko ɗigo.

"Wato mun yi kiwonsa ya wuce gona da iri."

Gulnaz na zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Abbu, a bar shi. Sai in sake jarrabawar baɗi."

Na san ƙarya take yi don ta sauƙaƙa mini. Yarinyar da ta yi karatun nan a kan tudun fatu, da toshe hanci, ba za ta sami wata shekarar a aljihunta ba. Baɗi ɗinkin takalma za ta kama kamar uwarta, daga nan kuma shi ke nan. Na ce mata, "Ki shirya kayanki. Fata dai ce, kuma ubanki majemi ne."

Na je wurin mai gadin majemar, ya ɗebo mini farar ƙasa a bokiti. Na tsoma yatsa. Amma sai tambaya ta taso: wane rabin ne sumul? Dama ko hagu? Sama ko ƙasa? In na jiƙa shi duka, na koma gidan jiya. Na kwana biyu ina juya maganar, sannan na gane cewa ba farar ƙasa kaɗai ta ci shi ba, har da riƙon wuƙar kankare gashi. Inda ƙotar wuƙa ke gugar yatsa, nan ne ya goge. Ba yadda za a yi in sami ainihin wurin sai na yi aikin kansa.

Don haka na roƙi mai gadi ya ba ni wata tsohuwar fata da aka yar. Na shimfiɗa ta a kan gungume a tsakar gida, na ɗauko wuƙata, na kama kankara daga safe zuwa azahar, kamar yadda na saba, sai dai babu albashi. Kafin kwana uku labari ya zaga lungu, domin wasu ma na'urar ta ce musu yatsan wani suka kawo. Suka riƙa zuwa ana karɓa-karɓa a kan fata guda. Gashinta ya ƙare tun ranar farko, amma muka ci gaba da kankarar ta har ta yi laushi kamar mayafin amarya.

Kallan ya zo ya jingina da bango yana kallonmu. Shi nasa har lokacin bai tsiro ba.

"Da mai majema ya san za ku yi masa aikin nan kyauta don ku nuna ba ku da aiki, ai da tuni ya rufe ta," in ji shi. "Ku dai yi a hankali, kada jami'i ya leƙo ya ce kun buɗe kamfani."

Wannan magana ta hana ni sukuni. Daga ranar, ko mai tallar kayan miya ne ya ƙwanƙwasa ƙofa, sai mu jefa fata ƙarƙashin gado, mu zauna mu naɗe hannu muna hamma.

Kullum nakan duba yatsan a rana. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Da na ga gefen ciki ya goge, na waje kuma da sauran zane, na ce a tsaya. Ruksana ta ce in ƙara yini guda. Kallan ya ce na riga na zarce. Gulnaz dai goge mini takalmi ta yi.

Jiya Talata na koma. A layi gumi ya jiƙa mini riga, domin na san in ta yi ja wannan karon, na zama ɓarawon kaina. Na ɗora yatsa. Na'urar ta yi tunani mai tsawo, har na karanta duk addu'ar da na iya. Sai ta yi kore.

"Ka gani?" in ji Tiwari-ji yana tofar da pan a kwandon shara. "Ban ce maka ƙaramar magana ce ba? Mutane ne ba su da haƙuri."

"Yanzu sai kuɗi, Sahib?"

"An sake su. Za su faɗa bankinka cikin kwanakin aiki."

"Kwana nawa ke nan?"

"Ya danganta da kwanakin. Alhamis hutu ne, kada ka ƙirga ta. In sun shiga, sai ka je bankin ka dangwala yatsa ka karɓa."

Na juyo. "Su ma yatsa?"

"Da tasu na'urar, mana. Na gaba!"

A hanyar gida na yi ta ƙoƙarin tuna shekarar da na buɗe ajiyar bankin nan. Ruksana ta ce bayan haihuwar autanmu ne, lokacin ina tsakiyar aiki. Ni kuwa ina ganin kamar lokacin da na karye a ƙafa ne, na yi watanni a kwance hannuna bai taɓa farar ƙasa ba.

Yau Laraba. Akwatin Gulnaz, wanda muka aro wurin 'yar'uwar Ruksana, yana nan a bakin ƙofa a ɗaure. Yatsan kuwa na hana shi mai, na hana shi wuƙa, yana nan a tsakiya. Na leƙa wayata ba adadi, ba saƙon banki. Ban san ko kuɗin za su shigo kafin Asabar ba, kuma in sun shigo, ban san wane yatsan banki ya ajiye ba.